Hudar da Ta Rage a Bango

A tashar bas ta Daegu a Koriya ta Kudu, wani tsoho riƙe da naɗin waya yana zuba wa matar da ke gefensa labari.

"'Yata, da can kowane kamfani da tasa wayar! Ta talabijin daban, ta tarho daban, akwatin wannan ba ya jin yaren wancan. Bango ɗaya sai mu huda shi sau uku!"

"Ashe ku ne, Baba! Sanyin da muka sha ta hudojin nan!"

"Tsaya mana! Sai kamfanoni suka zauna suka yarda da ƙa'ida ɗaya. Murya, hoto, saƙo, duk ta waya guda! Ranar har rawa na taka a kan tsani."

"Kuka zare wayoyi, kuka bar mana hudoji."

"Ba ku toshe ba?"

"Mama ta cusa tsumma, ni kuma na cire. Ɗan maƙwabta ke tsayawa a lungu. Murya na wucewa, hoto ma, in ka kanne ido ɗaya."

"Kai! Ina yaron yanzu?"

"Ga shi can da furfura, mijina, yana ɗauko mana tulun kimchi, kabejinmu mai yaji."