Fastoci Sun Rufe Allon Hanyar Shinkafi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Shinkafi, kuma raina a ɓace yake.

Ranar da babanmu ya rasu, ƙanensa Baffa Sani ya taso daga Maraɗi a motarsa don ya samu jana'iza. Da ya iso mararrabar Kaura Namoda, sai ya tarar an lulluɓe allon hanya da fastocin 'yan siyasa, ya miƙe hanyar Gusau. Kafin ya gane ya juyo, an riga an kai babanmu makwanci.

Baffa ya zauna yana hawaye, ya ce, "A Nijar ko ba ka jin Faransanci, kibiyar allo za ta kai ka gari."

Ina gaida direbobin tashar Zurmi. Jama'a, ku ba ni shawara, wa zan kai wa wannan kuka?