Kachalla a Tukunya

A bakin tashar Haɗeja, Baƙo manomi ya raɓe a inuwar mai sayar da furanni, yana jiran motar Kano ta cika. Wata malamar makaranta, Rahila, tana bin tukwane tana sunsunawa.

"Baba, kai da ka san ƙasar nan, wanne zai rayu? Na dasa wardi mai ƙamshi irin na gidanmu a Jos, zafi ya ƙone shi ƙurmus."

"Ni shinkafa na sani, Malama."

"To wannan dogon fa? Dubi kansa, kamar zangarniyar gero!"

Baƙo ya leƙa tukunyar, ya yi salati. "Wannan ai kachalla ce, muguwar ciyawar fadama! Yanzu har sayar da ita ake yi?"

"Tana jure zafi?"

"Wuta ma tana jurewa. Mun sare ta, mun ƙona ta, har addu'a mun taru mun yi mata."

"Madalla, irinta nake nema! Na gaji da binne furanni. Tana yaɗuwa?"

"A garinmu Guri ta toshe mana hanyar ruwa, ta shiga gonata ta zauna. Ni ne na tashi. Dako zan je yi a Kano."

"Allah sarki, Baba." Amma Rahila ba ta saki tukunyar ba. "Sau nawa ake ba ta ruwa?"

"Ke dai ajiye ta a tsakar gida. In ta gama da gidan, ki zo tasha. Zan kama miki kujera."