Ranar da Muka Yi wa Kifi Jana'iza a Sri Petaling

'Ya'yana na ƙungiyar matasan coci, kwanakin nan ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. Madam Nora ta kira ni a waya, ta ce in je garinsu mu yi Ista tare, ita za ta ɗauki nauyin tafiyar. Ga kuma Rifkatu, 'yata ta fari, cikinta ya tsufa, an ce haihuwar a makon Istar take. Bari in ba ku labarin matar nan tukuna, sai ku gane abin da ya hana ni ce mata a'a.

Kun san na yi ci-rani a Kuala Lumpur. Filin da na gada a Wusasa na sayar na hau jirgi. Ɗan ƙanena da ke karatu a unguwar Setapak ne ya samo mini aikin girki da shara a unguwar Sri Petaling, gidan wata malamar makaranta 'yar ƙasar Ailan. Ita ce Madam Nora. Doguwa, ga furfura, ga faɗa, amma ba ta riƙo. Garinsu a bakin teku yake, kullum sai ta ba ni labarinsa ko ban tambaya ba.

Sai ga korona. Aka rufe gari, aka rufe coci, muka zauna mu biyu kamar kaji a akurki. Ga azumin Ista, Madam ba ta taɓa nama. Kifi da rana, kifi da yamma, har labulen gidan ƙarni yake yi.

Ranar Asabar, jajiberin Ista, na shiga kicin na tarar da ƙaton kifin da na sha layi a kasuwa na sayo, Madam ta ɗaure shi a kan sandar goge ɗaki, har da jan ƙyalle a wuya.

"Madam, lafiya?"

"Jana'iza za mu yi masa, Asabe. Haka kakanninmu suke yi. In azumi ya ƙare, mahauta sun gaji da rashin ciniki, sai su rataye kifi a sanda, a zaga gari ana zane shi, a jefa shi ruwa. Gobe kuma sai naman rago."

"A doki abinci? Sannan a zubar?"

"Al'ada ce."

"Ba a gabana ba, Madam. Ni da na baro 'ya'ya a gida ban san me suka ci ba?"

"Kifina ne, gidana ne!"

"Gidanki ne, amma babu hannuna. In kora ce ki kore ni."

Ina faɗa na tuna halin da ake ciki. In ta kore ni ina za ni, jirgi ba ya tashi? Madam ta zauna. Na san babanta ya rasu a watan, an binne shi tana kallo ta waya. Abin da ban sani ba sai da ta faɗa: tun suna yara shi ke riƙe musu sandar.

Na ce, "Madam, kawo shi nan. Mu cinye tsokar, ƙayar mu yi mata irin dukan da kike so."

Na yi farfesu da sauran daddawar da nake ta lallaɓawa, na zuba yaji ban ji tsoro ba. Tana sha tana hawaye tana neman ƙari. Muka ɗaure kan kifin da ƙayarsa a sanda, muka sa takunkumi, muka fito barandar benen da muke haɗawa da maƙwabta. Ita a gaba tana waƙar garinsu, ni a baya da muciya ina tsula masa, ina rera tamu ta coci.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Wata tsohuwa 'yar Sin ta fito tana buga murfin tukunya. Wasu ɗalibai Kanawa suka leƙo daga ɗakinsu.

"Mama, me bawan Allah ya yi miki haka?"

"Ya ishe mu ne!"

"To ƙara masa ɗaya saboda mu!"

Mai gadi ya hawo yana haki, "Tak boleh! Tak boleh!" Wato ba a yarda ba. Yaren ƙasar kamar mutum na tauna gyaɗa. Wallahi ƙarshenta shi ya riƙe mana bokitin ruwa, bokitin ne tekunmu. Madam ta jefa ƙayar, ruwa ya fantsal masa a wando, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Ta kama hannuna ta ce, "Wata rana a garinmu za mu yi, a bakin teku na gaske. Ke za ki riƙe sanda."

Na ce, "Na yi alkawari."

Washegari muka ci naman rago da dafaffen ƙwai, muka raba wa maƙwabta a bakin ƙofa.

Da aka buɗe hanya na dawo, na kafa 'yar rumfar abincin da kuke zuwa ci. Ita ma ta ajiye aiki ta koma gida. Amma da ta kira, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce jikin ya ƙi, ba ta sani ba ko za ta ga Istar baɗi.

Rifkatu ta ce in tafi, gwaggonta za ta yi mata wankan jego. Ta faɗa tana murmushi, amma ni na haife ta, na san murmushin nan. Haihuwar fari ce.

To 'ya'yana, ku gaya mini, wacce zan kira in ba haƙuri?