Shekarar da Ba a Raba Riba Ba

'Yan'uwana, salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku duka. Sunana Rahila, matar marigayi Malam Bulus, wanda da yawanku kun sani yana koyarwa a firamare nan Kontagora. Masu zama kusa da ni a zumuntar mata sun san ba na iya gajarta magana, amma yau zan yi ƙoƙari.

Tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a ba mu jiharmu, wasu 'yan kasuwar garin nan suka haɗa kai suka kafa ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa. Suka ce duk mai so ya sayi hannun jari. Maigidana ya kwashe ɗan abin da muka tara ya saya, ya kuma sa sunana a takardar. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni shanun noma nake so mu saya mu kai gida Tungan Magajiya, shi kuwa ya dawo mini da takarda mai hatimi. Ya zauna zai yi mini bayani, na ce ya riƙe bayaninsa, tuwona na kan wuta.

Sai ga shi kowace shekara bayan kaka ana kiransa ya karɓo riba. Ba ta da yawa, amma tana zuwa. Da Ubangiji ya kira shi gida, wannan ribar ce ta riƙe 'yarmu Saratu a kwalejin horon malamai. Ƙosan da nake soyawa ina sayarwa, kuɗin abinci kawai yake kawo mana.

To ga inda na yi kuskure. Ni duk rayuwata adashe na sani: ki zuba, ki kwasa, magana ta ƙare. Saboda haka na ɗauka kuɗin Malam ne suke mayar mana kaɗan-kaɗan, ranar da suka cika shi ke nan. Kowace riba na karɓa sai gabana ya faɗi, ina cewa a raina saura ƙiris.

Sai wata shekara kaka ta wuce, Kirsimeti ta wuce, shiru. Na je bakin kamfanin, mai gadi ya ce bana ba a raba komai ba. Ban ƙara tambaya ba, na ce lallai namu ya ƙare. Ga hutu ya kusa ƙarewa, Saratu na da sauran shekara biyu, kuma makaranta ba ta karɓar yarinya hannu wofi.

'Yan'uwa, na kwanta ciwo. Abinci ya ƙi shiga, kaina kamar ana daka a ciki. Aka kai ni asibiti, suka duba suka ce ba su ga komai ba. Ni kuwa na san abin da ke cina. Ina kallon Saratu tana wanke kayan makarantarta tana waƙa, na kasa gaya mata ba za ta koma ba. Na yi fushi da Malam yana kabari, na kuma yi fushi da Allah, ba zan ɓoye muku ba.

Mama Tabita, shugabar zumuntarmu, ta zo duba ni da la'asar. Ta dube ni ta ce, "Rahila, wannan ba zazzaɓi ba ne. Faɗa mini." Na faɗa mata duka. Ita ma ba ta san kan hannun jari ba, ba ta kuma yi kamar ta sani ba. Ta durƙusa a bakin gado ta ja hannuna. Addu'ata a ranar ba ta da kyan ji. Cewa na yi, "Ubangiji, kai ka ɗauke mini miji, yarinyar nan kuma taka ce. Ka ba ni wanda zai sayi takardar nan ko nawa ne, ta samu ko zango ɗaya." Muna cewa amin na ji yunwa, abin da na daɗe ban ji ba. Na sha kunu, na yi barci.

Da na samu ƙarfi na ɗauki takardar na nufi kasuwa wurin Alhaji Mamman, babban dillalin hatsi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, takardar marigayi ce na kawo. Na san kuɗin cikinta ya ƙare. Ko don hatimin, a taimaka a ba ni abin da ya sauwaƙa."

Ya karɓa ya duba, ya dube ni. "Maman Saratu, wa ya ce miki ya ƙare?"

Na yi masa lissafina na adashe. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa na motsi. Ya sa aka kawo mini kujera, ya ce, "Malam ba zubi ya yi ba, saye ya yi. Kina da rabo a injin, da ginin, da kowace garwar mai da ta fita. Ribar da kike karɓa haihuwa ce, uwar tana nan."

Na ce to me ya hana ta haihuwa bana?

Ya ce a taron masu jari an yi gardama sosai. Wasu sun ce a raba riba kamar kullum, wasu sun ce a riƙe ta a sayi inji na biyu don kamfani ya girma, darajar jarin kowa ta tashi. "Ni ne kan gaba a masu cewa a sayi inji," in ji shi. "Kuma darajar ta tashi, takardarki ta fi yadda Malam ya saye ta nesa ba kusa ba. Amma mu da muka ɗaga hannu muna da wasu hanyoyin ci. Ban tuna da irinku masu jiran ribar ba. Ki yafe mini."

Ku duba fa. Mutumin nan da ya miƙo mini kuɗin mota da na zango ɗaya, da na yi masa godiya har ƙasa na tafi, ba kuma wanda zai taɓa sani. Maimakon haka ya faɗa mini ainihin farashin. Da na ji, sai kwaɗayi ya taso mini, na ce to a sayar duka in huta.

Ya girgiza kai. "In kin sayar duka, bana za ki ji daɗi. Baɗi fa? Ki sayar da ɗan abin da zai biya makarantar bana, ki riƙe sauran. In inji biyu suka fara aiki, riba za ta dawo, in Allah ya yarda."

Na ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. Ga araha ta zo har rumfarka."

Ya ce, "Dukiyar marainiya ce. Me zan je in ce wa Allah?"

Haka aka yi. Ya sayi ɗan yankin da ya ce, a gaban shaidu, a farashin gaskiya. Na dawo gida na tarar Saratu na ninke kaya, na ce ta ɗaure akwati da kyau, gobe akwai mota. Ba ta taɓa sanin an yi wani abu ba sai yanzu da take jina. Ga ta can a benci na baya tare da 'yan ajinta na makarantar Lahadi, malama ce a Ibeto.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya tashe ni daga gadon nan, ya kuma ƙi ba ni abin da na roƙa yadda na roƙe shi. Ina roƙonku ku sa Alhaji Mamman da iyalinsa cikin addu'a, Allah ya saka masa. Ke kuma 'yar'uwa da kike zaune yau kina ganin naki ya ƙare, kada ki kwanta da shi ke kaɗai kamar yadda na yi. Ki faɗa wa Ubangiji, ki tashi ki je inda ya nuna miki, ko da ba ƙofar da kika zata ba ce. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.