Ranar da Ta Ɓuya a Gefen Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, malamanmu da suka koya mana wannan sana'a tun ba mu san inda ake kunna kwamfuta ba, shugabannin kamfanoni da ke zaune a layin gaba, wakilan asibitoci da makarantun da muke yi wa aiki, 'yan jarida, abokan sana'ata maza da mata masu gina shafukan intanet, da ku da kuke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare: ina gaishe ku gaba ɗaya, babba da girmansa, ƙarami da mutuncinsa.

Ina godiya ga masu shirya taro da suka ba ni wannan dama. Sun rubuta a takardar shiri cewa zan yi magana a kan ƙawata shafin tabbatarwa domin wayar hannu. Ƙawatawa! Su yi mini afuwa, ban zo da kwalliya ba. Na zo ne in tona asirin kaina a gabanku, domin laifi tudu ne, kuma na gaji da taka nawa ina hango na wasu.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, shafin tabbatarwa shi ne shafin ƙarshe da yake fitowa bayan mutum ya cike fom ya danna "aika". Shi ne shaidarsa, shi ne yake faɗa masa an karɓa, ga lambarka, ga ranar da za ka zo. Mu kuwa masu ginawa shi muke bari sai ranar miƙa aiki, mu haɗa shi a gurguje a kan manyan allunan ofis, cikin sanyin na'ura, mu ce ai wannan ba wani abu ba ne. Mu yi tuya, mu manta da albasa.

Bara wani asibitin ido ya ba kamfaninmu aikin fom ɗin ganin babban likita, wanda yake zuwa sau biyu kacal a shekara. Ni na gina shi da hannuna. A shafin ƙarshe na kafa tambarin asibitin ƙato a sama, na sa koriyar alama mai cewa an karɓa, sannan na jera bayanai a jadawali mai gida huɗu a kwance: suna, lamba, sashe, sai ranar zuwa a gida na huɗu. A allona ya zauna daram. Maigidana a wurin aiki ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau, tura musu." Babu ko ɗaya cikinmu da ya zaro waya daga aljihu ya duba.

To, ina da yaya mace, tela ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da ƙafar kekenta na yi karatu, har yau kuma ba ta kirana da komai sai Auta. Hawan jinin ido ya kama ta, zare ya fara gagarar ta shiga allura. Ni na ce mata ta cike fom ɗin nan, har da alfahari na ce mata aikina ne. Ta cike a tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ta yi abin da kowa yake yi: ta ɗauki hoton fuskar wayar ta ajiye a matsayin shaida. Ta turo mini hoton ta ce, "Auta, duba mini, ya yi?"

Jama'a, na duba. Ina tsakiyar wani aiki, na ga koriyar alamata, na ga sunanta, na ga lambarta. Gida na huɗu bai fito ba, wayar ta yanke shi, yana can gefe inda sai an ja da yatsa. Ni da na gina shafin, ni da na san gidaje huɗu na yi, na kalli uku na ce, "Ya yi, Yaya. Ki jira, za su kira ki."

Ta jira. Mako uku tana ajiye waya kusa da keke, ko wanka za ta shiga sai ta ƙara ƙarar. Da shirun ya yi yawa na kai ta asibitin. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta buga lambar ta ce, "Ai ranarku ta wuce da kwana tara, likita ya tafi. Haka kuke yi, ku cike fom ku ƙi zuwa. Mutum sittin muka ba wa rana, ashirin da uku ba mu ga ƙeyarsu ba." Ta juyo mana da allon kwamfutarta, ga ranar nan ɓaro-ɓaro a gida na huɗu. Na karɓi wayar Yaya, na buɗe shafin da lambarta, na ja yatsa gefe. Ranar ta fito.

Bayan wata shida likita ya dawo ya duba ta. Ya ce idon hagu ya tafi, kuma abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli.

Ban iya faɗa mata cewa laifina ne a asibiti ba, sai da muka koma gida. Ta zauna tana shafa murfin kekenta. Can ta ce, "Auta, ashe ku ɗinki kuke yi ba ku gwada wa mai kaya? Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa auna jikina na yanka wa wata riga ba." Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Daga bakinta na ɗauko abin da zan faɗa muku, ba daga littafi ba.

Na farko, mu gwada wa mai kaya. Mai kayan nan ba ya zaune a ofishinmu. Yana tsaye a rana, ko a cikin motar haya ana matse shi, da ƙaramar waya mai dusashen haske, wataƙila ma idonsa ne ya kawo shi ga fom ɗin. Kada shafi ya bar hannunmu sai mun buɗe shi a waya mafi araha da za mu samu, mun fita da ita waje, mun miƙa wa dattijon da ba ɗan sana'a ba mun ce ya faɗa mana yaushe zai zo, kuma ina zai je. In ya yi jim, aikinmu bai ƙare ba.

Na biyu, mu sani mutanenmu ba sa buga takarda, hoton fuskar waya suke ɗauka. Abin da bai shiga hoton nan guda ɗaya ba, to babu shi a duniya. Saboda haka rana da lokaci da wuri su zo a sama, da manyan baƙaƙe, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ba a kwance ba. Tambari ya koma ƙasa, ba wanda ya taɓa warkewa da tambari. Kada a sa mutum ya ja gefe, domin bai san akwai gefe ba.

Na uku gajere ne. Shafi ya faɗa wa mutum abin da ya rage masa. In ba za a kira shi ba, a rubuta ƙarara: ba za a kira ka ba, ka zo ranar kaza.

Na ga wasunku na gyaɗa kai. Ku gafarce ni, ba ni da wani dogon fata. Na sha zama a irin wannan zaure, na sha tafawa, na koma ofis na ci gaba da abin da na saba. Gobe mai aiki zai ce a ƙara girman tambarinsa, za mu ƙara. Maigida zai ce lokaci ya ƙure, za mu tura. Wanda abin ya faɗa wa kuwa ba zai taɓa kawo ƙara ba, domin bai san an cuce shi ba, kansa zai zarga, ma'aikata ma su zarge shi. Sauran mutum ashirin da biyun nan, har yau ban san su ba, ban san me ya rage a idanunsu ba. Su nake gani duk lokacin da na buɗe kwamfuta. Idan gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Nawa ya riga ya ƙone.

Kun san tsawon lokacin da gyaran ya ɗauke ni? Minti goma. Minti goma, jama'a! Da na gama na tafi wurin Yaya da gudu kamar wanda ya zo da magani. Na same ta a tsakar gida, an lulluɓe keken da tsohon zane. Na ce, "Yaya, ga shi na gyara. Yanzu ranar ce a sama, da manyan baƙaƙe, kowa zai gani." Ta karɓi wayar, ta kai ta dab da fuskarta, tana karkata kai tana neman inda ganin ya rage. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Madalla, Auta. Ina ganin haske dai. Karanta mini."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare wa Yaya ɗan abin da ya rage mata. Allah Ya yafe mana abin da hannayenmu suka ɓata muna zaton gyara muke yi. Allah Ya sa kada wani a cikinku ya tsaya inda na tsaya yau, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa suna ganinsa.

Na gode.