Maganin Wanke Nozul a Layin Gas

A layin shan gas na motoci a Giza ta ƙasar Masar, Fathi direban tasi yana juye 'yar kwalba a tankin fetur, sai wani dattijo ya leƙo daga motar baya.

"Direba, me kake ba ta?"

"Maganin wanke nozul mai fesa fetur a inji, Alhaji. Duk Juma'a sai ta sha, ko da za a rasa nama a gidana. Shekara biyu, ko tari ba ta yi!"

"Yaushe rabonka da tafiya da fetur?"

"Da wannan tsadar? Tun da na mayar da ita gas, shekara uku ke nan, ban sake ba."

"Ashe maganin yana kwance a tanki, bai taɓa isa nozul ba."

Fathi ya ƙura wa kwalbar ido.

"Ka ga ƙarfinsa ke nan, Alhaji. Daga nesa ma aiki yake."