Sunan da Ke Jikin Katako

A rumfar jira ta bakin kogi a garin Pucallpa, Doña Eufemia mai fataucin ƙwayar koko ta zauna kusa da wani tsoho.

"Baba, kai ma babban jirgin kake jira?"

"A'a, 'yata, kallo kawai nake yi."

"Ai mu ya cece mu! Mu goma muka haɗa buhunanmu wuri ɗaya, kuɗin dako ya ragu da rabi. Masu kwalekwale sun daɗe suna tatsar mu."

"Tatsa? Kin san man da inji yake sha kafin a kai garin Contamana?"

"Ina ruwana? Ni ma 'ya'ya nake ciyarwa."

"Da gaskiyarki. Ko ni ne, haka zan yi."

Sai ta lura da guntun katako a cinyarsa, an rubuta Zoila da shuɗin fenti.

"Wannan fa?"

"Daga kwalekwalena ne. Yau na sayar da shi, za a farfasa a yi akurkin kaji. Wannan kaɗai na roƙa."

"Wace ce Zoila?"

"Matata, Allah ya jiƙanta. Rubutun hannunta ne."

Doña Eufemia ta sake duban sunan da ke jikin katakon.

"Tashi, 'yata," in ji shi. "An fara lodi, kada a bar kayanki."